Liyafar bankwana a makaranta: Yadda za a nishaɗantar ba tare da an ci bashi ba

Duk wanda ya yi karatu ko ya koyar a makarantun da ke kewayen Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya, ya san yadda labarin yake farawa. Wata safiya ana tsaye a layi, sai shugaban makaranta ya yi gyaran murya ya ce an yi wa malam wane canjin wurin aiki, ko kuma malama wance ta cika shekarunta za ta yi ritaya. Layi ya yi tsit na ɗan lokaci. Kafin a tashi tara labari ya zagaye kowane aji, a ofishin malamai kuma an soma tambayar juna: me za mu shirya masa?

Irin wannan rabuwa ba ta yankewa a makaranta. Akwai masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun da aka kafa shirin a 1973 shekara guda kawai suke yi su wuce. Akwai ɗalibai masu sanin makamar koyarwa da ke zuwa daga Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantun horar da malamai na Zariya, su yi 'yan watanni su koma. Akwai wanda aka mayar wata makaranta a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Doka, akwai kuma wanda aka tura can wata ƙaramar hukuma. Sai kuma masu ritaya. Dokar da gwamnatin tarayya ta sanya wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, saɓanin 60 da 35 na sauran ma'aikata. Ke nan malamin da za a yi wa bankwana yana iya kasancewa ya koyar da ɗa, ya kuma koyar da ubansa.

Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. To, mutumin da aka saba da shi haka, wane irin taro ya dace da shi?

Inda ake yin kuskure

Abin da aka fi gani shi ne a kafa kwamiti, a yanka wa kowane malami kuɗi, wani lokaci har a ce ɗalibai su kawo nasu. A ɗauko hayar rumfa da kujeru, a kira mai kayan sauti, a sayo man janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta kaɗai na iya cinye kaso mai tsoka na abin da aka tara. Ranar taro manyan baƙi su makara, a yi jawabi bayan jawabi, mai kiɗa ya cika wa mutane kunne, a raba abinci cikin turereniya, a watse. Wanda aka taru dominsa yana zaune a babban tebur tun farko har ƙarshe, bai samu damar yin magana da kowa ba.

Bayan an watse kuma sai a bar baya da ƙura. Ƙaramin malami da ke jiran albashi ya ci bashi don kada a ce ya ƙi bayarwa. Ɗalibin da iyayensa ba su da hali ya ƙi zuwa makaranta ranar saboda kunya. Taron da aka shirya don a rabu lafiya sai ya haifar da ƙorafi.

Nishaɗin da ya fi tsayawa a ran mai tafiya shi ne wanda abokan aikinsa da ɗalibansa suka haɗa da kansu, daga abin da suka sani game da shi. Mai kayan sauti bai san Malam ba, ku kuka san shi. Ga wasu hanyoyi da ba sa buƙatar komai sai lokaci da basira.

Wasan kwaikwayo na minti goma sha biyar

Babu makarantar da ba ta da yaron da ya iya kwaikwayon tafiyar malamai da muryarsu. A ɓoye yake yi, a bayan aji. Ranar bankwana ita ce ranar da za a ba shi fili.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan gauta, matan gidan sarauta ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a yi dariya, a kuma isar da saƙo. A wasan kalankuwa, samari da 'yanmatan karkara kan kwaikwayi masu mulki bayan an gama aikin gona. Tashe kuwa, wanda ake somawa idan azumi ya kai kwana goma, kowane yaron birni ya san shi. A fagen rubutu ma ƙasar Zazzau ba a bar ta a baya ba, domin Shu'aibu Maƙarfi, marubucin Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, ɗan wannan ƙasa ne.

A tsara ɗan wasa mai fitowa uku: ranar da Malam ya fara shigowa makarantar, wata rana ta yau da kullum a ajinsa, sai kuma ranar da aji ya wayi gari babu shi. Kayan wasa ba su wuce aron hula da tabarau da jan biro ba. Kada a tsaya a kansa shi kaɗai. A kwaikwayi shugaban makaranta, a kwaikwayi malamin horo, a kwaikwayi ɗaliban da ke zuwa a makare suna laɓe-laɓe a bakin ƙofa. Idan dariya ta zagaya kan kowa, babu wanda zai ji an ware shi.

Sai dai akwai iyaka. Ana kwaikwayon ɗabi'a, kamar kalmar da mutum ya fi maimaitawa ko yadda yake riƙe alli. Ba a kwaikwayon halitta. In'ina, ɗingishi, ƙiba, rashin lafiya, ko yadda baƙo ke karya Hausa, duk a bar su. Haka kuma ba a taɓa iyalin mutum, ko bashinsa, ko dalilin da ya sa aka yi masa canji. Kafin ranar, a gwada wasan a gaban wani malami da ya fi kusa da shi. Duk abin da ya ce a cire, a cire ba gardama.

Wa ya fi sanin Malam?

Wannan gasa ce tsakanin rukuni biyu, malamai uku a gefe guda, ɗalibai uku a ɗaya gefen. Mai gabatarwa ya tanadi tambayoyi goma. Wace shekara Malam ya fara aiki a nan? Wane aji ya fara riƙewa? Wace ƙungiyar ƙwallo yake goyon baya? Me yake fara faɗa idan ya shigo aji? Wane abinci yake aika a sayo masa lokacin tara? Shi kansa mai tafiyar ne alƙali, shi zai ce an canka ko an faɗi.

Amfanin wannan gasa shi ne tana sa a ba da tarihin mutum ba tare da an karanto shi daga takarda ba. Kowace amsa tana jawo labari. Sau da yawa kuma ɗalibai ne ke cinye malamai, domin sun fi kowa lura.

Kacici-kacici da karin magana

Ana iya yin kacici-kacici na gargajiya, irin wanda idan mutum ya kasa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa. Abin da zai ƙara armashi shi ne a ce garin da za a bayar ya zama unguwa ce ta cikin Zariya: wannan ya ba da Kwarbai, wancan ya ba da Limancin Kona, wani ya ba da Babban Dodo. Amma ya fi daɗi idan ɗalibai suka ƙirƙiro nasu a kan mutanen makaranta. Misali: alli a aljihu, jan biro a hannu, ba ya fara darasi sai an buɗe taga, wane ne? Kowa ya san amsa, kuma kowa zai so ya riga faɗa.

Gasar karin magana ita ma ba ta cin ko sisi. Wani ya kawo rabin farko, abokin karawarsa ya ƙarasa, sannan ya faɗi yadda maganar ta shafi rabuwa ko zaman tare. Malamin Hausa ya zama alƙali. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO sun yi bita ke nan a cikin wasa. A ƙara da kalmomin karya harshe, a gayyato mai yi wa ƙasa hidima da ya zo daga Kudu ya gwada, shi ma ya kawo na harshensu ya ba ɗalibai su gwada. Ta haka kowa ya ɗanɗana, ba a mayar da mutum ɗaya abin dariya ba.

Waƙar aji-aji

Zariya gari ne na mawallafa waƙa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, sha'iri ne da har yau ake nazarin waƙoƙinsa. Alhaji Aliyu Namangi, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, bai gani da ido ba, amma waƙarsa ta shiga kowane lungu na ƙasar Hausa. Bai kamata a yi bankwana a cikin ganuwar wannan birni a rasa baiti ko ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowane aji aikin baiti biyu, 'yar ƙwar biyu, a kuma tsayar da amsa-amo guda ga kowa. Idan aka zaɓi «ya», kalmomi na nan birjik: gaskiya, tarbiyya, lafiya, dariya, yafiya, Zariya. Sharaɗi ɗaya ne: kowane baiti ya ambaci wani abu takamaimai da Malam ya yi wa ajin. Yabo na gama-gari, irin su mai haƙuri, mai kirki, ana iya yi wa kowa. Amma idan aka ce shi ne ya zauna da mu bayan tashi har muka gane lissafin kaso, wannan nasa ne shi kaɗai. A haɗa baitocin, mai murya ya rera, sauran su riƙa amshi. Daga baya mai kyan rubutu ya kwafe ta a takarda mai kauri a miƙa masa.

Malam ya koma ɗalibi

A ajiye benci a tsakiyar fili, a zaunar da mai tafiya tare da abokan aikinsa biyu ko uku. A ɗauko yaro daga ƙaramin aji a ba shi alli, ya koyar da darasin da aka fi sanin Malam da shi, da irin salonsa, har ya jefa musu tambaya. Wanda ya kasa amsawa sai aji ya yanke masa hukunci mai sauƙi, kamar ya ba da labarin ranar da aka taɓa yi masa horo yana ɗalibi. Bayan dariyar akwai wani abu: malami yana ji da kunnensa cewa abin da ya koyar ya zauna.

Saƙonnin waɗanda ba su samu zuwa ba

Malamin da ya daɗe yana da tsofaffin ɗalibai a Samaru, da Kaduna, da Abuja, har da ƙasashen waje. Mako biyu kafin taro a sanar a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai cewa kowa ya turo saƙon murya ko bidiyo da bai wuce daƙiƙa 30 ba, ya faɗi sunansa, da shekarar da ya gama, da abu ɗaya da yake tunawa. A zaɓi goma sha biyar zuwa ashirin a jera. Idan akwai majigi a haska a bango. Idan babu, ƙaramar sifika mai caji ta wadatar.

Makarantun Zariya sun san darajar tsofaffin ɗalibai. Kwalejin Barewa, wadda ta samo asali daga Katsina kafin ta zauna a Zariya a 1949, ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon, da Murtala Muhammad, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta sananniya ce. Ba sai makaranta ta kai Barewa suna ba kafin ta nemi nata. Tela, da direba, da ma'aikaciyar jinya da suka bi ta hannun Malam, muryarsu za ta faranta masa kamar ta kowane babba.

A ƙasar Japan, idan abokin aiki zai tafi, sukan zagaya da wani farin kwali kowa ya rubuta masa 'yan kalmomi ya sa hannu. Mu ma littafin rubutu guda mai bango mai kauri ya isa. Ya zagaya aji-aji da ofishin malamai, a kai wa maigadi, a kai wa masu sayar da abinci a bakin makaranta. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa.

A fita fili

Idan an idar da sallar la'asar rana ta yi sanyi, sai a koma filin wasa. Ƙwallon sada zumunci tsakanin malamai da ɗalibai, minti goma-goma, mai tafiya ya zama kyaftin ko ya riƙe usur. Ga jan igiya, ga tseren buhu. Yara maza su yi langa, 'yanmata su yi carafke ko gaɗa a nasu ɓangaren tare da malamai mata. Dattijon da gudu ya fi ƙarfinsa a haƙa masa gurabun dara 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, a ga ko akwai ɗalibin da zai iya kayar da shi.

Idan mai tafiyar Bakano ne, to abin nema ya samu, domin wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi tsoho ne. Haka Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarabawa. Sai dai wannan fagen a bar wa abokan aikinsa. Ɗalibi ba abokin wasan malaminsa ba ne, ko daga wane gari ya fito.

A tambayi mai taro

Kafin a tsara komai, a aika mutum ɗaya ya ji ra'ayin wanda za a karrama. Wani ba ya son kiɗa, to kada a kawo. Wata malama ba ta son a ɗauke ta bidiyo, balle a ɗora a TikTok ko Facebook, to a sanar tun farko a ajiye wayoyi. A Islamiyya, ƙaramar musabaƙa da ƙasida sun fi dacewa da wasan kwaikwayo. Idan abokin aikin Kirista ne, a ba shi dama ya gayyato wanda zai yi masa addu'a. Wanda aka yi wa canji ba da son ransa ba kuwa, wataƙila ɗan zama da shayi a ofishin malamai ya fi masa babban taro.

A guji liƙi. Ban da cewa yana kunyata marar hali, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wajen biki, hukuncinsa kuma ɗaurin wata shida ne ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Mai son bayarwa ya sa a ambulan.

Batun kuɗi da lokaci

Gudummawa ta zama ta ganin dama, kuma kada a karanta sunaye da adadin abin da kowa ya bayar. Kada a yanka wa ɗalibai kuɗi, nasu shi ne wasa da waƙa da share fili. Kujeru akwai su a aji. Abin taɓawa kuwa, zoɓo ko kunun aya, da cincin ko masa, sun wadatar, kuma ɗaliban darasin girke-girke na iya haɗawa. Abin da aka tara a zuba shi a kyautar da za ta amfani mai tafiya. Birnin Zariya ya yi suna a ɗinkin hannu, don haka hula ko riga mai aiki daga hannun maɗinkan unguwa kyauta ce da zai sa ya tuna inda ta fito. Bayan taro kwamiti ya manna lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a allon ofishin malamai.

Taron zaure kada ya wuce minti 100. Ga misali: addu'ar buɗewa minti 5, jawabin shugaban makaranta 5, wasan kwaikwayo ko darasin yaro 15, gasar sanin Malam 15, kacici-kacici da karin magana 15, waƙa 10, saƙonnin tsofaffin ɗalibai 10, miƙa kyauta 5, jawabin mai tafiya 15, addu'ar rufewa 5. Idan aka fara da an sallame azahar, za a gama kafin la'asar. A kauce wa makon jarrabawa, idan kuma damina ce a tanadi aji mafi girma ko da hadari zai taso.

Wani abu da ake yawan mantawa: abokin aiki ba malami kaɗai ba ne. Maigadin da ya shekara ashirin yana buɗe ƙofa tun da asuba, da masinja, da mai shara, da mai kula da ɗakin karatu, duk sun cancanci irin wannan rana. Ɗalibai na kallo. Idan suka ga an yi wa shugaban makaranta gagarumin taro, maigadi kuma ya tafi ba ko sallama, sun koyi wani darasi da babu wanda ya yi niyyar koya musu.

Minti goma sha biyar na ƙarshe

Duk wasannin nan share fage ne. Idan an gama dariya, a ba mai tafiya fili ya yi darasinsa na ƙarshe, ba tare da an katse shi ba. A nan ne bisa al'ada yake neman gafarar duk wanda ya ɓata wa, abokan aiki su ma su nemi tasa, shugaban ɗalibai ya tashi a madadin 'yan'uwansa ya roƙi a yafe musu. Zaman shekaru ba ya rasa saɓani. Akwai wanda aka yi wa bulala bisa kuskure, akwai malaman da suka yi wata ba sa gaisawa a kan jadawalin darasi. Mutanen da suka gama yin dariya tare sun fi samun sauƙin cewa na yafe. Saboda haka kada a bari jawaban manyan baƙi ko rabon abinci su cinye wannan lokaci.

Kafin a watse, kwamiti ya rubuta lambar wayarsa da kwatancen gidansa, a kuma tsayar da ranar da za a kai masa ziyara, ko da bayan wata uku ne. Mai ritaya ya fi buƙatar baƙi a lokacin da hayaniyar taro ta wuce, ya zauna gida yana jiran haƙƙoƙinsa su fito. Zumunci a ƙafa yake, kuma daga Ƙofar Kuyambana zuwa kowace unguwa a cikin birni kuɗin keke napep ɗaya ne.